Uwargida, Hayaƙin Nan Na Waye?

 Yau tsokacin nawa a bakin murhu zai tsaya, kuma tun da wuri ina neman afuwar duk wadda maganar za ta taɓa, domin ni kaina mai rubutun ba ta bar ni ba. Gyara kayanka dai ba ya zama sauke mu raba.

Kwanakin baya wata ƙawata ta ja ni wani taron wayar da kan mata da wata ƙungiya ta shirya a wani otal a nan cikin Kano. Sanyin ɗakin taron sai da ya sa na ja mayafi na rufe kafaɗa, a waje kuwa ga wani janareto kusan girman ɗakin amarya yana ta ruri yana aman baƙin hayaƙi. Wata matashiya tsaf da ita ta miƙe ta yi mana bayani a kan abin da ta kira sawun hayaƙi. Ta ce duk lokacin da aka ƙona fetur ko gas ko gawayi ko itace, akwai wata iska mai suna kabon da take tashi ta taru a sama, ta zama kamar bargo ta riƙe zafin rana, shi ne duniya take ƙara ɗumi, damina take rikicewa. Kowane mutum, in ji ta, yana da nasa kason a wannan hayaƙi, kamar yadda kowa yake barin sawunsa a rairayi.

Har nan ban da ja, domin maganar gaskiya ce kuma masana sun tabbatar da ita. Inda muka raba gari da ita shi ne da ta ɗauko takarda ta fara karanto mana magani. Wai mu rage hawa jirgin sama. Wai kada mu kunna injin wanke kwanuka sai ya cika. Wai mu rage ƙarfin na'urar ɗumama gida, mu kuma rage cin naman shanu. Wata mata da take zaune kusa da ni da goyonta ta ɗaga hannu ta ce, "Baiwar Allah, wane naman? Ni fa rabona da nama tun na Layya." Aka kwashe da dariya, aka raba mana lemo da ɗan kuɗin mota, kowa ta kama gabanta. Na dawo gida ina juya abin a raina, har ya kai ni ga wannan rubutu.

RIGAR DA BA A AUNA MU BA

Sukar farko da nake yi wa irin wannan wa'azi ita ce, riga ce da aka ɗinka wa mutanen Turai da Amurka, aka kwaso ta haka nan aka ce mu saka. In aka raba hayaƙin man fetur da kwal da gas da kowace ƙasa take fitarwa a kan yawan mutanenta, ɗan Nijeriya bai kai tan 1 ba a shekara, alhali mutumin Amurka yana kusa da tan 14. Nahiyar Afirka gaba ɗayanta kasonta bai wuce kashi 4 cikin 100 na hayaƙin duniya ba. Ita kanta wannan magana ta sawun hayaƙi, babban kamfanin mai na Ingila, wato BP, yana cikin waɗanda suka fi yayata ta a tallace-tallacensa wajen 2004 da 2005, inda ya riƙa kiran mutane kowa ya lissafa nasa. To ke ji fa, mai haƙo man shi ne yake ce wa mai saye ya binciki kansa. A nan gida ma, a yankin Neja Dalta, shekara da shekaru ana ƙona gas a banza a bakin rijiyoyin mai dare da rana, har Bankin Duniya yana lissafa Nijeriya cikin ƙasashe goma da suka fi kowa wannan ɓarna. Amma sai a tsallake duk wannan a zo a tasa mai ɗan murhu a gaba. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi ke nan.

Suka ta biyu, masu ba mu shawarar ba su taɓa durƙusawa sun hura wuta da ɗanyen itace ba. Da sun taɓa, da sun san cewa uwargida ba ta bukatar a tsorata ta da ƙanƙarar da take narkewa a ƙarshen duniya. A nuna mata yadda itacen kwana uku zai yi mata kwana shida, a ga in ba ta saurara ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

LAIFI TUDU NE

To amma 'yar'uwa, kada wannan ya sa mu miƙe ƙafa mu ce ba ruwanmu. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ko da ba mu muka fi ɓata sama ba, mu ne a ƙarƙashinta, kuma mu muka fi jin jiki. Ambaliyar 2022 ta kashe sama da mutum 600 a Nijeriya ta raba fiye da miliyan ɗaya da gidajensu, kuma Jigawa tana cikin inda abin ya fi muni. A watan Satumba na 2024 madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, ruwa ya ci rabin Maiduguri. Tafkin Chadi da ya kai faɗin murabba'in kilomita 25,000 a farkon shekarun 1960, fari da yawan ɗibar ruwa sun mayar da shi wajen 2,000 a tsakiyar shekarun 1980. Kuma duk wadda ta taɓa tsayawa a bakin titin Zariya ko na Gwarzo da sassafe ta ga yadda motoci suke shigowa Kano shaƙe da itace da buhunan gawayi. Kowace mota wani yanki ne na daji, kuma a madafanmu yake ƙarewa.

Akwai ma abin da ya fi wannan kusa da mu. Goggona ta yi shekara arba'in tana tuƙa tuwon gidan mutum ashirin a wani ɗan madafi marar taga, wanda bangonsa ya yi baƙi ƙirin kamar gindin tukunya. Da girma ya zo sai tari ya kama ta, ga idanu kullum suna ruwa, in ta yi tafiya kaɗan sai ta tsaya tana haki. Da muka kai ta asibiti aka yi hoton ƙirji, likitan ya dube ta ya ce, "Mama, kin taɓa shan taba ne?" Ta ce, "Subhanallahi! Ɗan nan, ni? Ko warinta ba na so." Ya ce to hayaƙin girki ne ya yi mata abin da taba take yi. A hanyarmu ta dawowa ta kama hannuna ta ce, "'Yar nan, ashe abincin da na ciyar da ku da numfashina na dafa shi." Wallahi har yau in na tuna sai jikina ya yi sanyi.

Goggo ba ita kaɗai ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum miliyan 3.2, daga ciki har da yara 'yan ƙasa da shekara biyar sama da 237,000. Ki tuna ɗan da yake goye a bayanki lokacin da kike sunkuye kina fifita wuta. Abin da kika shaƙa shi ma ya shaƙa, alhali huhunsa bai kai tafin hannunki ba. Saboda haka ni a wurina rage hayaƙi maganar ƙirjinmu ce da aljihunmu tun kafin ta zama maganar duniya.

ƁARNAR DA MUKA MAYAR AL'ADA

Bari mu fara da murhun duwatsu uku da muka gada. Masu bincike sun auna sun ga cewa zafin da yake shiga tukunya a irin wannan murhu bai fi kashi 10 zuwa 15 cikin 100 ba, sauran duk iska ce take kwashewa. Wato in kin sayi itacen naira dubu, na ɗari da 'yan kai ne ya dafa miki abinci, sauran kin ɗumama tsakar gida ne. Maganin kuwa ba ya bukatar ko kwabo. Ki kwaɓa yumɓu da ƙaiƙayi ki zagaye duwatsun, ki bar ƙofa ɗaya ta sa itace da 'yar kafa a baya ta fitar hayaƙi, tukunya ta zauna daram a ciki. Ki faskara itace ƙanana ki shanya shi ya bushe, domin ɗanye wani kaso na ƙarfinsa a ƙone ruwan jikinsa yake tafiya, shi ya sa yake hayaƙi yana kumfa. Sanda biyu ko uku sun isa, ba sai kin cusa dami guda harshen wuta yana lasar murfi ba. In kin sauke, ki zare ragowar ki kashe da ƙasa ki adana.

Sai wata mummunar ɗabi'a da ta shigo mana, wato hura wuta da leda ko tsohon silifa ko gutsuren roba. Haba 'yan'uwa! Wannan baƙin hayaƙi mai ɗoyi guba ne tsagwaronsa, kuma a kansa za ki ɗora abincin 'ya'yanki. Kara da busasshen ganye da ɓawon gyaɗa ba su ƙare a duniya ba.

Sai tukunya ba murfi. Za ki ga mace ta ɗora ruwan tuwo fal tukunya a buɗe, ta tafi ɗakin kishiya ko maƙwabciya ana hira, ruwa ya tafasa ya ƙone ta dawo ta ƙara wani. Ki rufe tukunya, ki auna ruwan da kike bukata, kuma kada ki kunna wuta sai kin gama gyara kayan miya, kin wanke shinkafa, komai yana kusa da hannunki. In ya tafasa ki rage wuta, domin ruwan da yake tafasa ba ya ƙara zafi komai yawan itacen da kika tura. Wake kuwa ki jiƙa shi tun dare, da safe za ki ga ya nuna a ɗan lokaci ba tare da kin zabga masa kanwa ba.

Ga wata dabara da na gwada da hannuna. Ki sami babban kwando ko kwali, ki shimfiɗa tsummokara ko tsohon bargo a ciki da kauri ta kowane gefe. In shinkafa ta tafasa kamar minti biyar, ki sauke ta da murfinta a rufe ruf, ki sa a kwandon ki lulluɓe, ki tafi harkarki. Bayan kamar awa ɗaya za ki tarar ta nuna da zafinta, ba ƙonewa ba kamu. Jiƙaƙƙen wake ki bar shi ya tafasa sosai kamar minti ashirin, sannan ya yi awa uku a kwando. Sharaɗi ɗaya ne, kada a riƙa buɗewa ana leƙe, kuma kada a bar abinci a ciki har ya huce ya kwana, don kada ya lalace. Ranar da na fara, maigidan ya ce, "Yau kuma tsafi kika koma?" Da ya ci sai ya yi shiru, da wata ya ƙare kuwa ya ga gas bai ƙare ba, shi da kansa ya kawo mini wani bargon.

Masu gawayi kuma kada ku ce kun tsira don ba kwa ganin hayaƙi. A irin ramin da ake binne itace a yi gawayi, sai an ƙona kilo 5 zuwa 10 kafin a sami kilo 1. Hayaƙin an riga an yi shi a daji ne kafin buhun ya iso gare ki. Ki nemi kurfoti mai yumɓu a ciki, ya fi na ƙarfe zalla riƙe zafi nesa ba kusa ba. Kuma don Allah in hunturu ya zo kada a shiga da kaskon wuta ɗaki a rufe ƙofa da taga a kwanta. Garwashi yana fitar da wata iska marar launi marar wari wadda take kashe mutum cikin barcinsa. Irin ta ce take fita daga janareto, shi ya sa ake jin labarin iyali guda sun kwanta ba su tashi ba saboda an ajiye inji a soro ko a bakin taga.

KAYAN ƊAKI DA KAYAN BIKI

Yanzu na zo inda za a ji haushina. Uwa za ta shekara biyar tana adashi don kayan ɗakin 'yarta. Za a sayi kuloli saiti goma, da tangaran da ba za a taɓa cin abinci a ciki ba, a jera a cikin gilashi don 'yan ganin ɗaki su yaba. Amma in kin leƙa kicin ɗin amarya, ba murhun kirki, ba tukunyar nan mai huci da ake kira firesha, wadda take dafa ganda da wake a kashi ɗaya cikin uku na lokacin da aka saba. Akwai murhu irin su Save80, wanda masu yin sa suka ce yana rage cin itace har kashi 80 cikin 100, akwai kuma ingantattun murhunan gawayi da maƙeranmu suke yi. Kuɗin saitin kula biyu ya isa a sayi ɗaya daga ciki. Ke budurwa mai shirin aure, ki buɗi baki ki ce, "Umma, a rage kulolin nan a saya mini abin girki mai kyau." Ba rashin kunya ba ne, ke za ki zauna da hayaƙin bayan 'yan biki sun watse.

Ranar biki da suna kuwa abin ba a cewa komai. A kafa manyan tukwane goma, a ƙona itacen da zai yi wa gida wata biyu, a dafa abin da ya fi ƙarfin jama'ar, washegari a kwashe shinkafa ta yi yami a zuba a bola. Duk lomar da aka zubar, an zubar da itacen da ya dafa ta, da takin da ya noma ta, da man motar da ta kawo ta kasuwa. Wannan almubazzaranci ne ko da wane suna muka kira shi.

Masu wutar lantarki ma ga naku. Mun saba da cewa wutar gwamnati ce, sai a bar ƙwai yana ci da rana tsaka, fanka tana juyawa a ɗakin da ba kowa, a jona hita a bokiti a manta. A watan Afrilu na 2024 an ɗaga kuɗin wuta na masu layin da ake kira Band A daga wajen naira 68 zuwa naira 225 kowane yunit, wanda duk yake kan wannan layi ya ji a jikinsa. Ga lissafi mai sauƙi. Tsohon ƙwai mai wat 60 guda biyar, in suna ci awa biyar kullum, a wata sun sha yunit 45. Farin ƙwai na LED mai wat 9 yana ba da haske kusan iri ɗaya, guda biyar ɗinsa a wata ba su kai yunit 7 ba. Ki tara guga ki yi ta lokaci ɗaya, kada ki sa abinci da zafinsa a firij, kuma ki hana yara buɗe shi kowane minti.

Wadda ba ta da firij kuma kada ta raina kanta. Wani malami a Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya yaɗa dabarar sa ƙaramar tukunyar ƙasa a cikin babba, a cika tsakaninsu da jiƙaƙƙen yashi, a rufe da jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa inda iska take kaɗawa. Yayin da ruwan yake bushewa sai ya tafi da zafin cikin, kamar dai yadda randa take sanyaya ruwa. Yalon da yake lalacewa a kwana 3 ya kai kwana 27 a ciki, tumatir da tattasai suka yi mako uku. Wannan aiki ya sa aka ba shi lambar yabo ta Rolex a 2000. Turawa sun yaba, mu kuwa da yawanmu ko labarin ba mu sani ba, don abin na ƙasa ne ba na kanti ba.

SAƘO GA MAIGIDA DA HUKUMA

Na san wasu mazan suna karɓar littafin nan daga hannun matansu su duba, to ranka ya daɗe ga naka. Kai ne kake gina gida ka ƙawata falo, ka bar madafi kamar akurki ba taga ba mafitar hayaƙi. Kai ne kake sayo ɗanyen itace don ya fi araha, sannan ka dawo kana faɗan abinci yana warin hayaƙi. Fasa taga ɗaya a kicin bai kai kuɗin ganin likita sau ɗaya ba. In da hali ka sayi gas, domin ko da yake shi ma daga rijiyar mai yake, ya fi itace da gawayi tsafta ga ƙirjin iyalinka. Sai dai a kula da tiyo, a riƙa shafa masa ruwan sabulu don a ga ko yana yoyo, in an ji warinsa a buɗe taga, kada a ƙyasta ashana ko a taɓa makunnin lantarki.

Hukuma kuma ita ce da babban kaso. Mace ba ta koma wa itace don tana sha'awar hawaye. A zamanin Janar Sani Abacha da kananzir ya yi wuya, mata suka koma murhun garin katako har aka sa masa sunansa. An cire tallafin kananzir a 2016, risho ya zama kayan tarihi a gidaje da yawa. An cire na fetur ranar 29 ga Mayu 2023, komai ya tashi, waɗanda suka fara saba wa da gas da yawa suka koma gawayi. A ƙarshen 2014 gwamnatin tarayya ta amince da naira biliyan 9.2 don sayen ingantattun murhuna 750,000 a raba wa mata, aikin ya ƙare cikin taƙaddama. A 2021 a birnin Gilasgo Shugaba Muhammadu Buhari ya yi alkawarin Nijeriya za ta daidaita hayaƙinta nan da 2060, a 2024 kuma aka amince da manufar ƙasa ta girki mai tsafta. Takardu sun yi kyau. Mu dai ma'auninmu shi ne ranar da cika tukunyar gas zai fi buhun gawayi sauƙi a kasuwar unguwa.

Kada kuma a ce talaka ba ya iya komai sai an yi masa. 'Yan'uwanmu na Maradi a Jamhuriyar Nijar, tun daga wajen 1983, tare da wani ma'aikacin gona ɗan Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, suka fara abin da suke kira sassabin zamani. In kututture ya yi toho a gona ba a sare shi duka, sai a zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi a bari, a rage sauran a kai gida a yi girki. Da wannan aka farfaɗo da itatuwa kimanin miliyan 200 a fili mai faɗin hekta miliyan 5, gawo ya dawo gonaki, matan da suke yin nisa neman itace suka samu a kusa. Mu ma ko darbejiya ɗaya ko zogale muka dasa a tsakar gida muna ba shi ruwan alwala da na ɗaurayar kwano, mun sami inuwar da za ta rage mana neman fanka.

Ita kuwa matashiyar nan ta otal, ba na riƙe ta a zuci, abin da aka ba ta ta karanta. Fatana in za ta sake tara mata, ta fara yini guda a madafin wata daga cikinmu, ta ga abin da muke ƙonawa da yadda muke ƙona shi, sannan ta rubuta takardarta da kanta. Ke kuma 'yar'uwa, a cikin duk abin da na lissafa ki ɗauki guda biyu kacal ki fara da su gobe, ko murfin tukunya da jiƙa wake ne. In wata ya cika ki lissafa abin da ya ragu na kuɗin itace ko gas, ki faɗa wa maƙwabciyarki. Goggo tana nan da ranta, tana shan magani, kuma duk jikar da ta je gaishe ta sai ta tambaye ta ko kicin ɗinta yana da taga.

Allah Ya ba mu lafiya da zama lafiya a ɗakunanmu. Sai mun haɗu a tsokaci na gaba.